Darasi: Ramukan Haƙo a Gangaren Dutse da Yadda Ake Rufe Su

Wanda ya tashi daga Madawa ya nufi Galma Kudawace, ko ya zarce Buza da Keita, ƙasa iri uku zai taka. Akwai dabagi can bisa, shimfiɗaɗɗe, marmara ta rufe shi. Akwai fadama a ƙasa, inda ake noman dawa da albasa. Tsakaninsu sai gangaren dutse, wanda ba kasafai ake nomansa ba, ba a kuma gina gida a kansa. Kowa na ratsa shi da awakinsa, amma da wuya ka ji wanda ya ce shi ke da alhakinsa. A wannan gangare ake haƙo, a nan ake barin ramuka, daga nan kuma ruwa yake ɗauko ƙarfin da yake cin gonakin da ke ƙasa.

Abin da ake tonowa

Shekaru miliyoyi da suka wuce teku ne ya rufe ƙasar Adar, shi ya sa masu kiwo kan tsinci duwatsu masu siffar katantanwa a jikin tudu. Da tekun ya janye, ya bar farar ƙasa da yumɓu hawa-hawa. A cikin yumɓun ake samun jifsi, farin dutsen nan mai ƙyalli wanda farce ke iya karcewa. Kamfanin siminti na Malbaza, da yake aiki tun shekarun 1960, yana bukatarsa, domin ana zuba kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a siminti don kada ya daskare nan take in an kwaɓa, magini ya samu damar ɗora bulo da yin shafe. Ba inji ke fitar da jifsin ba. Mutanen ƙauyukan Madawa da Buza da Keita ne, da yawansu mata da yara, suke tona shi da diga da dagi, su kankare yumɓun, su tara, ƴan kasuwa su auna su loda a kamyo. Ban da wannan akwai ramukan tsakuwa da marmara da masu aikin hanya suke bari, da na ƙasar bulo a bayan gari.

Ba zargin kowa ake yi ba. Kuɗin jifsi ya sayi hatsi a gidaje da yawa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, maigida kuma yana can wurin bida. Maganarmu a kan abin da ke biyo bayan haƙon take, ranar da rami ya daina bayarwa aka matsa gaba aka bar shi baki buɗe.

Rami a fili dabam, rami a gangare dabam

Bari mu yi ɗan lissafi. Ruwan sama na milimita 1 a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. In aka yi ruwa na milimita 40 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, hekta ɗaya ta karɓi lita 400,000, wato tano 2,000 masu cin lita 200. A jigawa yawancinsa nutsewa zai yi. A gangaren da ba ciyawa kuwa, kaɗan ne ke shiga ƙasa, sauran ya gangaro da gudu yana neman hanya.

Mai haƙo a gangare gefen ƙasa yake watsa abin da ya tono, don nan ne ya fi sauƙi. Wannan tarin ƙasa sako-sako ne, ba saiwar da ta riƙe shi. Ruwa ya cika ramin, ya tumbatsa ta wannan gefen, ya yanke shi, ya wuce gaba ɗaya da laka da tsakuwa. Daminar farko ƴar tsaga ce da yaro zai tsallake. Bayan damina uku ko huɗu ta zama kwazazzabo, kuma kwazazzabo baya-baya yake ci, yana hawa sama yana faɗaɗa, abin da ya ci kuma ya je ya zube a kan gonar wani a fadama. Mai gonar bai taɓa riƙe diga ba, amma shi ke biyan bashin ramin.

Ga kuma haɗarin rai. Tsohon rami kan cika da ruwa ya zama wurin wankan yara da gidan sauro. Bisashe kan faɗa su karye. Bangonsa kuwa, in yumɓu ya sha ruwa, zamewa yake yi ba sanarwa. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe ta kai tan ɗaya da rabi, kuma rabin haka ya isa ya hana ƙirjin mutum numfashi. Mun ga abin da ya faru a Garin Liman kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, a watan Nuwamba na 2021, inda ramin zinariya ya rufta da mutane, aƙalla 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Abin da Keita ta koya mana

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda ake haɗa inji da hannu a kan dutse. A 1984, shekarar babban fari, aka buɗe furojen raya karkara na Keita. Italiya ce ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin tare da gwamnatin Nijar, hukumar PAM kuma ta riƙa biyan ma'aikata da abinci. Da yake maza sun tafi bida, mata ne suka fi yawa a fagen aikin, kuma har yau akwai tsofaffi a ƙauyukan Keita da Buza da suka ɗauki duwatsun nan a ka.

Furojen ya zo da buldoza da tarakta da kamyo masu yawa, amma bai tura su ko'ina ba. A kan dabagi, inda fako ya taurare har diga ke tsalle, tarakta ce take jan haƙoran ƙarfe tana farfasa shi, ana tayar da doguwar kunya mai fukafukai biyu wadda ke tare ruwa. Kamyo ya kawo duwatsu, mata su jera su a jikin kunyar don kada ruwa ya cinye ta. A gangare kuwa injuna suka tsaya daga nesa. Da hannu aka haƙa ramuka dogaye, kowanne kamar mita 3 a tsawo da santimita 60 a zurfi, a kwance bisa layin da ruwa ba ya gangarawa, an jera su a saɓe, yadda ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu zai faɗa cikin na ƙasansu. A tsakiyar kowane rami aka dasa itace. A cikin koramu kuma aka gina shingaye na ragar ƙarfe cike da duwatsu, da madatsun ruwa. Zuwa 2003 an kiyasta an farfaɗo da ƙasa kimanin hekta dubu 34, an dasa itatuwa kusan miliyan 18.

Ku lura da abu biyu. Na farko, su ma ramuka suka haƙa a gangare, amma nasu ya warkar da ƙasa, na haƙo kuma yana kashe ta. Bambancin shi ne nasu gajeru ne a zurfi, an auna su, an raba ruwan zuwa ɗaruruwan ƙananan wurare maimakon a tara shi wuri guda. Na biyu, daga sama suka fara. Duk wanda ya gyara gindin tudu ya bar kansa, ruwan farko zai kwashe wahalarsa.

Auna gangare kafin a kira inji

Kowa a ajin nan zai iya wannan. A samu igiya mai mita 10 da siririn tiyo mai ruwa irin na magina. Mutum ɗaya ya riƙe bakin igiya a ƙasa ta gefen sama, ɗayan ya gangara ya ɗaga nasa bakin a jikin dogon kara har tiyo ya nuna igiyar ta daidaita. Sai a auna daga igiyar zuwa ƙasa. In mita 1 ce, gangaren kashi 10 cikin 100 ne. In mita 3 ce, kashi 30. Wannan lamba ita ce farkon abin da ma'aikacin aikin gona ko na gandun daji zai tambaya, kuma ita ke faɗin irin injin da wurin zai ɗauka.

Inda ƙasa take da sauƙin gangara, akwai garmar Delfino wadda wani Ba'italiye mai suna Venanzio Vallerani ya ƙirƙiro. Tarakta ke jan ta, tana nutsewa tana ɗagowa, tana barin ramukan rabin wata a bayanta. Tana iya gama hekta 15 zuwa 20 a yini, alhali mutum ɗari da fartanya da shebur hekta ɗaya suke yi. Amma ba ta hawa dutse, ba kuma aikinta ba ne cike rami mai zurfi.

Buldoza turi ta sani. Tana da amfani wajen baje tarin ƙasa a gindin tudu, sai dai in aka ce ta hau gangare, dole ta fara sare wa kanta hanya. Wannan hanya, in aka gama aiki aka bar ta, ita ce sabuwar korama. Sau da yawa ɓarnar hanyar da aka yi don zuwa gyara takan fi ta ramin da aka je gyarawa.

Katafila mai hannu, wadda ke yawo bisa sarƙa tana ɗiba da cokali, ta fi dacewa da rufe rami, domin tana iya tsayawa nesa da baki ta miƙa hannu. Wannan nisa ba ƙaramin abu ba ne. Matsakaiciyarta tan 20 ce, kuma masu haƙo kan bi jijiyar dutse ta gefe, su bar kogo a ƙarƙashin ƙasar da ido ke gani lafiya lau. Ƙa'idar da ta dace ita ce injin ya ja baya daga baki aƙalla gwargwadon zurfin ramin. In gangare ya yi tsanani, ita ma sai an sare mata wurin zama, in ba haka ba ta zame ko ta kife.

Injin mai ƙafafu

Don irin wurin da waɗannan duka suka gaza aka ƙera wata katafila a shekarun 1960, a duwatsun Suwizalan da maƙwabciyarta Liechtenstein. Kamfanonin Menzi Muck da Kaiser ne suka shahara da ita, ana kuma yi mata laƙabi da gizo-gizo. Ba ta da sarƙa. Ƙafafu huɗu gare ta, kowace tana miƙewa, tana lanƙwashewa, tana buɗewa gefe ita kaɗai da ƙarfin mai, a bakinsu akwai tayoyi da farata na ƙarfe masu kama dutse. Direba yana gajarta ƙafafun sama ya tsawaita na ƙasa, ɗakinsa ya zauna daidai, kamar yadda akuya ke tsayawa a jikin dutse tana cin ganye. In za ta matsa, sai ta kafa cokalinta a ƙasa ta jawo jikinta ko ta tura shi. Tana iya aiki a gangaren da ke sauka mita ɗaya a kowace mita ɗaya, in ya fi haka a ɗaure ta da igiyar ƙarfe daga sama. Nauyinta bai wuce kimanin rabin na waccan mai sarƙa ba. A yammacin Amurka, inda masu neman zinariya da azurfa suka bar dubban ramuka a kan duwatsu tun ƙarni na 19, ana amfani da irinta wajen toshe bakunan ramuka da kwashe tarin ɓaraguzai.

Babbar fa'idarta ita ce ba ta bukatar hanya. Tana hawa, ta yi aiki, ta sauko, ba ta bar sawun da ruwa zai bi ba, tana ma iya tsallake itacen da buldoza za ta tuge.

To shin ita ce maganin duwatsunmu? A ganina sai a wurare ƙalilan: bangon tsohon wurin fasa dutse da ya rataya a kan hanya ko gari, ko kan kwazazzabo mai zurfin da sa mutane ciki ganganci ne. Tana da tsada ƙwarai, direbanta sai ya yi horo na musamman, kuma tiyo ɗaya na mai in ya fashe, tana iya yin watanni a tsaye ana jiran kaya daga Turai. Kafin wata gunduma ko wani furoje ya sa hannu a kan kowane inji, a tambaya: wa zai tuƙa, wa zai gyara, ina kayan gyara, wa zai sayi gazuwal bayan masu ba da kuɗi sun tafi? Yawancin ramukan jifsi ƙanana ne kuma a warwatse. Gayyar mutum ashirin da shebur da baro, da kamyo ɗaya mai kawo dutse, za ta rufe su, kuɗin kuma ya tsaya a gari.

Yadda ake rufe rami

Ko da hannu ko da inji, tsarin ɗaya ne, kuma da rani ake yi, ƙasa na bushe.

Ana farawa da zagayawa tare da masu haƙon kansu. Su suka san ramin da ya mutu da wanda har yanzu ake ci daga gare shi, su suka san inda kogo ya bi ta ƙarƙashi. Wanda ya zo da katafila ya rufe ramin da wata ke ciyar da ƴaƴanta da shi bai yi gyara ba, kuma kafin sati za a sake tone shi. A sa alama a kan matattun, a leƙa a tabbata ba mutum ba dabba. Kada kowa ya sauka cikin rami mai zurfi don dubawa, iskar ƙasansa kan iya kashe mutum kafin ya yi kira.

Sai a kama ruwa daga sama, da jerin duwatsu ko ramuka irin na Keita, don kada ya sake tarar da wurin da ƙarfinsa. Daga nan a ware ƙasar sama mai taki, in akwai, a ajiye gefe. Kogon gefe a rusa shi da gangan daga nesa, nan ne hannun katafila yake da rana. A zuba manyan duwatsu a ƙasan rami, matsakaita a kansu, sannan ƙasar da aka tono tun farko, kaɗan-kaɗan kamar taƙi ɗaya, ana daddaɓewa kafin a ƙara. Wanda ya tura ƙasa gaba ɗaya ya tafi, damina za ta nuna masa aikinsa: wurin zai lotsa ya koma tafki. Don haka ma ake barin ɗan tozo a sama. Bango mai tsaye a kwantar da shi, in dogo ne a yi masa matakai. A ƙarshe a mayar da ƙasar sama, a watsa taki da irin ciyawa, a dasa gamba a layi, da itatuwan da suka saba da dutse irin su ɗakwara da bagaruwa da magarya da aduwa.

Muddin inji na aiki, mutum ɗaya ne ke ba direba alama, ba wanda zai tsaya a ƙarƙashinsa ta gefen gangare ko inda hannunsa ke iya kaiwa, yara kuma a kore su nesa. Dutsen da ya kuɓuce daga cokali ba ya tsayawa sai gindin tudu.

A san abin da ke cikin ƙasar

Jifsi ba guba ba ne, ko da yake ƙurarsa na damun ido da ƙirji. Amma samarinmu da yawa suna zuwa wuraren zinariya, wasu har su dawo gida da duwatsu. A 2010 aka gano cewa dutsen zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje a ƙauyukan Zamfara yana ɗauke da gubar dalma, yara sama da 400 suka rasu. Da aka zo gyara a Dareta da Ƴargalma, daga baya a Bagega a 2013, sai da aka auna ƙasar kowane tsakar gida da na'ura. Mutanen gari ne suka kankare saman ƙasar da hannu, don inji ba ya shiga zaure, injuna kuma suka haƙa manyan ramukan da aka binne ta, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Likitocin MSF sun jira a gyara gida kafin su ba yaro magani, domin in ya koma cikin ƙurar, maganin ya tashi a banza. Saboda haka duk tarin ƙasar da ta fito daga ramin zinariya ko wani ƙarfe, kada a baje ta, kada a yi bulo da ita, sai ma'aikatan ma'adinai sun auna.

Bayan an gyara, ƙasar ta wa ce?

Wannan tambaya ta rusa ayyuka da yawa. Fako ba shi da mai shi, amma ranar da ciyawa ta fito, magada sukan bayyana, makiyaya kuma su ce hanyarsu ce tun kaka da kakanni. Dokar ƙasar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, akwai na gunduma, akwai na gari, wanda ake kira COFOB. Tun kafin a ɗaga shebur a zauna da su, da maigari, da wakilan makiyaya, da matan da ke haƙo, a rubuta: wurin kiwo ne ko gona, shekara nawa za a hana bisashe shiga, wa zai yi tsaro, wa zai yanki ciyawa. A kuma tsayar da sharaɗi ga haƙo na gaba, cewa wanda ya buɗe sabon rami ya mayar da ƙasarsa cikin tsohon da ke kusa. Ɗan kwangilar da ya ɗebi tsakuwar hanya kuwa, hukumar gari ta nemi ya gyara wurin tun katafilarsa tana nan, don in ta hau babbar mota ta tafi, dawo da ita sai an biya sabon kuɗi.

Aiki

1. Wani rami yana da tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin mita 2. Idan baro ɗaya yana ɗaukar lita 60 na ƙasa, baro nawa za a zuba ya cika? Ku tuna akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe lita 1,000 ne.

2. An yi ruwa na milimita 25 a kan gangare mai hekta 2. Tano nawa ke nan?

3. Ku kasu gida uku, kowane rukuni ya auna gangare ɗaya kusa da gari da igiya da tiyo, ya zana ramukan da ya gani, ya bambanta matattu da masu rai bayan ya tambayi masu haƙo.

4. A nemi wata dattijuwa da ta yi aikin gyaran ƙasa a zamanin furoje, a roƙe ta ta zo aji ta faɗi abin da inji ya yi da abin da hannu ya yi a wurin da ta yi aiki, da halin da wurin yake ciki yau.